Kwalba shida aka ba ni, biyar na yi wa gaggawa

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Tun farko in nemi afuwa. Na san galibin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, kuma abin da zan yi magana a kai haramun ne a wurinsu. Ni ɗan Katolika ne, haifaffen Jos, da Hausa nake ciniki, da ita nake addu'a, da ita nake faɗa da jikokina, shi ya sa na kawo kukana nan. Ba talla na zo yi ba. Kirsimeti ta ƙarato, an fara rabon kwandunan kyauta a ofisoshin Abuja, wasu da kwalaben ruwan inabi masu tsada a ciki, kuma na san abin da za a yi da su, don ni ma na yi.

Shekara 19 na yi ina aikin teburi, wato hidimar abinci da abin sha, a Abuja, shida na ƙarshe a gidan wani Bafaranshe a Maitama. Da zai koma gida a 2008, ya kira ni sito ya nuna mini wani akwatin katako mai kwalba shida. Giyar yankin Bodo na Faransa ce, wanda ake rubutawa Bordeaux a jikin kwalba, daga wani gari mai suna Poyak, ta amfanin gonar 2005. Ya ɗauki fensir ya rubuta 2020 a murfin akwatin, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya ce, "Kai mutumin Jos ne, garinku da sanyi. Kai ta can, ka kwantar da ita, ka manta da ita." Na ce to, Maigida. A raina kuwa dariya nake yi. Mu da muka tashi da burukutu, wanda ake dafawa cikin 'yan kwanaki, in ya kwana biyu ya yi tsami sai zubarwa, wai abin sha ne zan jira shekara 12?

Ba don ban san darajar abin ba. Na sha jin baƙinsa suna musu a kan teburi. Na san tun 1855, zamanin Sarki Napoliyon na Uku, aka jera gonakin yankin daraja-daraja, kuma uku daga cikin biyar na sahun farko a yau, Lafite da Latour da Mouton, duk a Poyak suke, ita Mouton sai a 1973 aka ɗaga ta. Tawa ba ta cikinsu, ƙanwarsu ce ta nesa, amma ƙasa ɗaya suka sha. Na kuma san 2005 shekara ce da masana ke yabo, an yi rani sosai, 'ya'yan inabin suka fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Duk na haddace wannan kamar aku. Abin da ban gane ba shi ne, wannan kaurin ɓawon da ake yabo shi ne dalilin jiran.

A Disambar 2009 dangin wanda zai auri 'yata ta fari suka zo gaisuwa. Mutanen kirki ne, amma kawun yaron tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ya shigo yana ƙare wa silin ɗina kallo. Raina ya sosu. Na shiga ɗaki na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Uwar yara ta biyo ni ta ce, "Baban yara, ba ka ga abin da Baturen ya rubuta ba?" Na ce mata Bature ya rubuta wa kansa. Na ɗauko huɗu.

Na buɗe su yadda aka koya mini, da tawul a hannu, ina juya kwalba don kowa ya ga takardar. Launin ya fito baƙi-baƙi kamar zoɓon da ya ji wuta. Kawun ya kurɓa, sai na ga kumatunsa sun shige ciki, ya riƙa motsa harshe kamar wanda ya ciji ɗanyar kanya. Ya yi shiru na ladabi, sannan ya ce, "Suruki, akwai Coca-Cola mai sanyi?" A gabana aka tsiyaya lemo a kai, rabi da rabi. Wata gwaggo ta ce ita dai a kawo mata kunun zaƙi. Ni ma na ɗanɗana, bauri ya kama mini dasashi har haƙora suka bushe. Na yi ta murmushi ina cewa haka take, haka Turawa ke son ta. Ƙarya nake yi. Kwalba ɗaya da rabi ta kwana a buɗe, washegari aka juye ta a miyar nama.

Wannan baurin, Malam Edita, ba baƙo ba ne a wurinmu. Sinadarin da ke cikin bagaruwa ne, wanda majema a Naraguta ke jeme fata da shi, shi ne kuma ke ɗaure baki in ka sha shayin da ya daɗe a wuta. A inabi yana cikin ɓawo da ƙwaya, kuma irin da ya fi yawa a gonakin Poyak, Cabernet Sauvignon, yana da shi jingim. Sai a ƙara masa na gangar katako mai cin lita 225, inda giyar ke zama kimanin wata 18 kafin a ɗura ta a kwalba. Shi ke hana ta lalacewa, shi ne kuma ke hana ta daɗi tana ƙarama. Sai shekaru sun tura yake laushi, wani sashinsa ya haɗe ya kwanta a gindin kwalba kamar laka. Da na ba maƙwabcina Alhaji labarin, bai taɓa kusantar giya ba, amma nan take ya gane. Ya ce, "Ai sabuwar doya ka daka, ka ce ba ta yi sakwara ba." Har yau in ya ga na fito da sauri sai ya tambaye ni ko doyar ta tsufa.

Ta biyar ba na jin zafinta sosai. A Janairun 2010 na buɗe ta, lokacin rikicin da aka sa mana dokar hana fita dare da rana. Muna kulle a gida, hayaƙi na tashi ta bayan unguwa, na dubi 2020 ɗin nan a jikin katako na ce wa ya ba ni tabbacin gobe ma. Na sha ni kaɗai a duhu, ba daɗi, ban kuma nemi daɗin ba. Huɗun farko ne ke ci mini rai, domin ba ƙishi ya sa na buɗe su ba, ba kuma murna ba. Burga ce kawai.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya binne duk kwalbar da aka ba shi. Yawancin ruwan inabin da ke kasuwa an yi shi ne don a sha cikin shekara ɗaya ko biyu, ajiya ba ta ƙara masa komai sai tsami. Akwai ma na Faransa, Beaujolais Nouveau, da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku ga Nuwamba, 'yan makonni bayan girbi, ana rige-rigen shanye shi. Masu son jira kaɗan ne, irin manyan na Bodo, ko Barolo na Italiya wanda doka ta hana a sayar sai ya yi wata 38. Su ma jiran da sharaɗi: duhu, sanyin digiri 12 zuwa 14, kwalba a kwance don toshiyar ta riƙa jiƙewa, kada ta bushe iska ta shiga.

Nan ne nake da ƙorafi a kan masu shaguna. Watan jiya na je Abuja duba lafiya, na bi ta wani kanti a Wuse, na ga kwalaben da kuɗin ɗaya ya fi fanshona na wata, a tsaye ƙiƙam bayan gilashi, rana na dukan su. Garin da a watan Maris zafi ke kusantar digiri 40, ga ɗauke wuta. Wannan ba tsufa take yi ba, dahuwa take yi. Na tambayi yaron kantin yaushe ya kamata a sha wata da na nuna, ya ce, "Baba, yau ma in ka biya." Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya koya masa. Amma mai sayar da mangwaro a Farin Gada yakan ce maka wannan na yau ne, wancan ka ba shi kwana uku. Wanda ke karɓar dubban ɗaruruwa ya fi shi hujjar yin haka.

Ta shida na ɗauka ta ɓata a hargitsin 2010 ɗin nan. Ashe uwar yara ce ta naɗe ta a tsohon zani, ta kwantar da ita cikin randar marigayiya mahaifiyata, wadda rabinta ke binne a ƙasa a ɗakin baya. Jos na bisa tudu kusan mita 1,200, ɗakin kuma ba taga. Shekara 12 matar nan ba ta ce uffan ba. Sai a Istar 2022, bayan mun dawo daga coci, ta ajiye mini ita kusa da tuwon acca ta ce, "Ga saƙon Baturenka."

Na aika aka kira kawun nan, wanda yanzu ya zama abokin hirata, da sanda yake tafiya. Toshiyar ta fito lafiya. Launin ya sauya, bakin kofin ya koma ja irin na bulo. Ƙanshin da ya tashi kamar an feƙe sabon fensir, da ganyen taba, da ƙasa in ruwan farko ya sauka. Baurin nan da ya kunyata ni ya kwanta, sai santsi, ka haɗiye amma ɗanɗanon ya ƙi barin baki. Kofi shida kwalba ke bayarwa, mu biyar ne, na bar lakar a gindi.

Tsohon ya daɗe da hanci a cikin kofi. Can ya ɗago ya ce, "Suruki, kada dai ka ce mini wannan ce muka zuba wa lemo." Na ce ita ce. Ya ce, "Saura nawa?" Na tashi na ɗauko masa akwatin. Jikokina ke ajiye takalman makaranta a ciki, rubutun fensir ɗin yana nan bai goge ba.

Naka,
Tsohon ma'aikacin teburi,
Tudun Wada, Jos