Kwana Goma Sha Ɗaya Ba Uwargida

Kano, daren Lahadi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Zangon Kumasi. Yaya kasuwa, yaya haƙuri da mu? Saƙonka na murya ya iso tun makon jiya, na kuma ji ƙorafinka cewa na daina neman ka. Wallahi ba shariya ba ce. Abin da ya same ni ya fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na ɗauko biro da takarda irin na da, zan ba yaron nan mai zuwa ɗaukar goro ya kawo maka.

Ka dai san ƙanwar Maman yara da aka kai Haɗeja bara. To, ta sauka, an samu mace, haihuwar fari. Uwargida ta ce za ta je suna ta kwana uku ta dawo. Ukun nan sai da ya zama goma sha ɗaya. Ta goya auta ta tafi, ta bar min manyan biyu da Mamana, mai sunan Hajiya. A hanyar tasha ta yi ta jero min bayani, ga inda daddawa take, ga ranar da mai ruwa ke zuwa, ni kuwa ina cewa, "Haba, gidan nawa kuma? Aikin gida har wani aiki ne?" Riƙe min wannan maganar, za mu dawo kanta.

Kwana biyun farko da shayi da burodi da Indomie muka rufa wa kanmu asiri. Ran na uku yara suka ce sun gaji, tuwo suke so. Na naɗe hannun riga, na ɗora tukunya a kan ƙaramin gas ɗin nan, ruwa ya tafasa, na ɗebo garin masara na antaya. Mamana tana tsaye bakin ƙofa, 'yar shekara tara, ta kalle ni ta ce, "Baba, ba ka yi talge ba." Na ce talge kuma na mene? Ashe sai an dama gari kaɗan da ruwan sanyi an zuba ya dahu tukuna, sannan a riƙa barbaɗa sauran ana tuƙawa, a rufe shi ya turara, kafin a kwashe da mara. Ni na tsallake duk wannan. Na kama muciya ina tuƙi, tukunya tana juyawa tare da ni, sai da na sa babban yaron ya danne min ita da tsumma. Abin da ya fito rabi gudaji ne, rabi ɗanyen gari. Miyar kuka kuwa kada ka tambaya. Ita ma kaɗan-kaɗan ake zuba ta ana kaɗawa da maburgi, ni na juye ƙullin gaba ɗaya, ta daskare sai ka ce za a yi yaɓe da ita. Mai bi wa babban ya gutsiri loma, ya tauna ya tauna, ya ce, "Baba, ni dama ban cika jin yunwa ba." Almajirin da ke zuwa mana kullum ya karɓi saura, ya yi godiya, ban sake ganin ƙeyarsa ba sai ranar da ya ji muryar uwargida a tsakar gida.

Kai da ke sayen tuwon zafi da wake da shinkafa a bakin titi, ka riƙa ƙara wa matan nan wani abu a kan kuɗinsu. Sun ci halal.

Wanki ban daɗe a kansa ba. Na zuba bula kamar ina zuba gishiri a miya, fararen rigunan makaranta suka koma kalar sararin sama, ga ƙurar hunturu ta bi su a kan igiya. 'Yan garuwa kuwa sai yanzu na san kura guda ba ta kai mu kwana biyu. Da ina ganin ruwa a randa ne kawai, ban taɓa tambayar ta ina yake shigowa ba.

Yanzu ga babbar magana, talabijin. Ka tuna lokacin da muke wanke ƙafa mu jeru a ƙasa a falon maƙwabcinmu, gaban baƙi-da-farin akwatin nan mai ƙofar katako, muna jiran NTA ta buɗe da la'asar? Tasha ɗaya ko biyu, kowa ya kalli abin da aka ba shi, in Samanja ya fito har manya sai sun leƙo. Ba mai rigima da kowa, don ba abin da za a canza. Yanzu ga dish a kan rufi, tashoshi sun fi a ƙirga, rimot kuma guda ɗaya. Na ɗauka tunda uwargida ba ta nan mulki ya dawo hannuna. Ina! Ashe akwai tsarin rabo a gidan wanda ban san da shi ba: bayan Islamiyya na Mamana ne da katun ɗinta, bayan magariba na samarin, bayan isha'i kuma na uwarsu. Ni ba ni da kaso, saboda a lokacin ina majalisa.

Daren farko wayata ta yi ƙara daga Haɗeja. Ban gama tambayar mai jego ba ta ce, "Don Allah kunna min Arewa24, an fara, nan gidan cike yake da 'yan barka ba a jin komai. Ka kalla ka ba ni labari." Ka san tun da aka buɗe tashar nan a 2014 nake yi mata tsiya a kan wasannin nan masu dogon zango, da fassarar Indiya da ake nuna mari ɗaya sau uku daga kusurwa uku. Na zauna dai don a zauna lafiya. Da na kira na ce, "Wata ce ta yi faɗa da kishiyarta." Ta ce wace? Me ta ce mata? Surukar tana wurin? Na rasa amsa. Washegari sai na kalla da kyau, har ina tambayar Mamana wane ne wane. Mutumina, kafin mako ya zagayo ni ne ke cewa yara su yi shiru. Akwai wani Alhaji a ciki, munafuki na ƙarshe, ranar da asirinsa ya kusa tonuwa aka ɗauke wuta. Ni da na hana a tada janareta tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai don ƙwallo, sai ga ni a duhu ina jan igiya da fitilar waya a baki. 'Yan majalisa sun aiko a duba ko ba ni da lafiya. Na ce mura ce.

Tunda na ambaci ƙwallo, ban manta da dariyar da ka kira ka yi min ba daren 11 ga Fabrairun 2024, da Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya a Abidjan a gasar cin kofin Afirka. Mu dai mun je wasan ƙarshe. Ku 'yan Ghana ko rukuni ba ku tsallake ba. Na san za ka ce 2022 a Abuja da kuka hana mu zuwa gasar cin kofin duniya, to na riga ka faɗa, a bar maganar.

Abin da ya fi ci min rai tattabaruna ne. Shekara nawa ina cika maka baki cewa hannuna na da albarkar kiwo? Daga biyu suka kai talatin da wani abu. Kullum da safe in watsa musu gero, in tsaya ina kallonsu suna shawagi a kan unguwa, in nuna wa baƙi yadda namiji ke karɓar kwanci da rana mace ta karɓa da dare, ƙwai biyu, kwana goma sha takwas su ƙyanƙyashe. Malami sosai. To, a kwana na biyar na tarar da kaskon ruwansu ya bushe ƙaf, ya yi kore. A na bakwai kyanwar maƙwabta ta hau ta cinye 'yan shila biyu. Wasu huɗu suka yi ƙaura zuwa gidan wani mai kiwo a bayan layinmu, da na je bi ya ce shi bai gayyace su ba. Sai Mamana ke faɗa min cewa uwarta ce ke sauya musu ruwa sau biyu a rana, ta share kashin, ta jingina fallen kwano a bakin katanga da yamma saboda kyanwar. Shekara shida! Ni nawa watsa gero ne da karɓar yabo.

Ranar Alhamis ta dawo da kwalin bandar kifin Haɗeja. Ta shiga madafa, ta ɗaga tukunyar da na ɓoye a bayan buhu da ƙanzonta, ta duba rigunan makaranta, ta ɗaga kai ta ƙirga tattabaru. Ba ta ce uffan ba. Sai da ta sauke mana tuwo da miyar kifi, ina tsakiyar loma ta uku, ta ce, "Maigida, aikin gida har wani aiki ne?" Yara suka fashe da dariya, har auta da bai san komai ba.

In yaron zai dawo ka aiko min da man kaɗanya mai kyau, hannuna duk ya tsattsage. Ka gaida Hajiyarka da yara da Malam limaminku. Kuma don girman Allah ka ɓoye takardar nan, ka san matanmu suna magana ta WhatsApp. Zan tsaya nan, an kusa farawa, yau ne za a kai Alhajin nan kotu.

Naka,
abokinka tun makarantar allo