Jariri mai karkataccen wuya, tsoka ce ba iska ba

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a bani fili in yi magana da iyaye mata kan abin da ya faru a gidanmu.

Ɗan ƙanwata tun bayan suna muka lura kullum kansa a kwance yake ta dama, fuskar kuma tana kallon hagu, nono ma ta gefe ɗaya kawai yake yarda ya kama. Wajen sati uku da haihuwa sai ga wani ɗan ƙullutu mai tauri a gefen wuyan, nan fa kowa da tasa, wasu suce iska ce wasu suce a kira wanzami ya tsaga, har da mai cewa a murɗe wuyan da ƙarfi ya koma daidai. Wallahi Allah ne ya tsare yaron nan.

Sai a asibiti aka mana bayani. Ashe tsoka ce, wadda mu muke cewa jijiyar wuya. Duk wanda ya juya fuskarsa hagu ya shafa wuyansa ta dama zai ji ta miƙe kamar igiya, kowane gefe akwai ɗaya. Ta ƙasa reshe biyu gareta, ɗaya a saman ƙashin ƙirji ɗaya a ƙashin nan da ya gitta zuwa kafaɗa, sai su haɗe su hau a karkace har ƙashin bayan kunne. In ta dama ta ja, kai ya kwanta dama fuska ta juya hagu, yadda yaron yake kenan sak. In duka biyun suka ja tare wuya ya sunkuyo gaba, mai asma ma in numfashi ya gagara zaka ga tana ta ja, ƙirji take taya ɗagawa.

A jariri gajarcewa take yi tayi tauri, galibi daga yadda ya kwanta a ciki ko wahalar haihuwa. Masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa su, suka koya wa uwar yadda zata rinƙa miƙar da ita a hankali kullum, kuma a rinƙa masa wasa ta gefen da baya son kallo. Alhamdulillah kafin ya fara zama wuyan ya daidaita, ƙullutun ma ya baje. In aka yi sakaci kuwa ƙeya na iya shafewa ta gefe ɗaya, wani har sai an kai ga tiyata.

Amma in wuya ya ƙage ga zazzaɓi, wannan daban ne, zai iya zama sanƙarau, a ruga asibiti a ranar. Ungozomomi da masu riga-kafi dan Allah ku rinƙa duba wuyan jarirai in an kawo muku su.

Wata mai karatu daga Zariya