Zuwa ga aminina, kan rasuwar da aka yi muna a unguwa

Assalamu alaikum aminina,

Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Ya iyali da yara? Mu nan Maraɗi lahiya lau, sai zahi. Hajiya na gaishe ka, kullum sai ta tambaya ko yaushe za ka leƙo gida.

Na san labarin rasuwar nan ya iske ka ta WhatsApp, ɗan maƙwabcinmu mai buga balo, wanda kake cewa wata rana sai ƙungiyar balo ta Dan Kassawa ta ɗauke shi. Allah shi jiƙan shi. Ana tsakiyar wasa da la'asar, babu wanda ya taɓa shi, kawai ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da aka yi bayan faɗuwar. Wani ya kwara mishi ruwa, wani na fifita da riga, wani na neman cokali wai kar ya haɗiye harshe, wasu na cewa iska ce tunda jikin shi na fizga, a ƙarshe aka aza shi bisa kabu-kabu, kafin a kai likita rai ya yi halin shi.

Bayan sadakar uku wani ma'aikacin lahiya ya zo fada muka sha shayi, ya yi muna bayani. Ya ce idan matashi ya faɗi haka ba karo ba duka, kuma ba ya amsa kira, a ɗauka zuciya ce ta tsaya. Fizgar nan da wani numfashi mai kama da minshari su ne ke ruɗa mutane a ce ai yana da sauran numfashi, alhali jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Abin yi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a aza hannu bisa hannu tsakiyar ƙirji, a dinga dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, in ka gaji wani ya karɓa, wani kuma ya kira agaji. Ko haƙarƙari ya karye a ci gaba. Wallahi mu sama da ashirin a wurin, babu ko ɗaya da aka taɓa koya ma wannan, ko a lakwal.

Ka tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, 2003 a Lyon, wasan su da Kolombiya? Shekara 28, ƙato mai ƙarfi, ya faɗi a tsakiyar fili, bai tashi ba. Bincike ya nuna naman zuciyar shi ne ya yi kauri fiye da ƙima, ciwo ne da ake gado, mutum na yawo da shi bai sani ba. Kafin shi akwai Samuel Okwaraji na Najeriya, shi ma haka ya faɗi ana wasa a Legas, 1989, ya rasu. Amma Christian Eriksen da ya faɗi a 2021 wasan Denmak da Finland, nan take aka hau danna ƙirji aka sa mishi na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, ya tashi, har ya koma buga ƙwallo. Na yarda ajali in ya zo babu makawa, amma ai Allah ne ya ce a nemi sababi, kuma danna ƙirji ba ya cin ko dala.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe yaron nan ya taɓa suma wajen gudu tun bara, aka ce rana ce da rashin karin kumallo. Kuma ƙanen baban shi ma da ƙuruciya ya kwanta lahiya bai tashi ba. Alamu biyu manya kenan, da an kai shi an yi mishi gwajin ECG, wato awon bugun zuciya, da hoton zuciya da wataƙila an gano. Nwankwo Kanu ai gwajin da aka yi mishi a Inter Milan a 1996 ne ya tona ciwon shi, aka yi aiki ya ci gaba da wasa shekaru da yawa. Mu ko yaranmu ga balo ga kokowa, wasu ma sai sun afa tramol kafin su shiga fili, babu mai auna kowa.

Shi ya sa na rubuto maka. Babban ɗanka ka ce min kullum yana fili. Ka zaunar da shi ka tambaye shi ko ƙirji na mishi ciwo in yana gudu, ko jiri, ko zuciya ta dinga bugawa barkatai, ko numfashi ya riga na abokan shi ƙarewa. Yara na ɓoyewa don kar a hana su wasa, sai ka bi shi a hankali. Ka kuma tambayi uwargida ko a dangin su an taɓa yin mutuwar farat ɗaya ƙasa da shekara 40. In akwai ko ɗaya, ya dakata da wasa har likita ya duba shi.

Mu nan mun roƙi ma'aikacin nan ya dawo ran Juma'a bayan la'asar ya koya ma 'yan wasan unguwa danna ƙirji, ya amsa. Zan ɗauki bidiyo in turo maka, ka nuna ma na wajenku.

Ka gaida uwargida da yara. Sai na ji ka.

Naka amini,
daga Maraɗi