Mawaƙa, ku duba amshin waƙoƙin ƙwaya

Malam Edita, assalamu alaikum. Jiya a fadarmu ta Zango muna shan shayi wani ɗan kabu-kabu ya kunna waƙa a waya, mawaƙin ya mai da tramol amarya, wai da dare tana rarrashinsa da asuba ta kwashe kayan ɗaki kaf ta gudu, ko sunanta bai kama ba habaici ne zalla amma wallahi kowa ya gane. Mutuntarwa kenan, kuma gaskiya ya iya. Abin da ya dame ni amshin ne, ya fi baitin gargaɗin daɗi nesa ba kusa ba, yaran unguwa sun haddace rarrashin sun manta satar. Don Allah mawaƙanmu ku riƙa saka ciwon cikin amshi mana.

Naka, mai karatu daga Damagaram.