Ka dakata da tikitin Hajiya

Shara Mansur, Makka

Assalamu alaikum abokina,

Ya gida, ya mai jiki? Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Na ji tana son zuwa Umra tun ba a gama ƙara mata ruwan maganin dajin ba. Masauki kam gidana gidanta ne. Amma kada ka yanki tikiti tukuna, don Yayarmu ma dajin ƙwan haihuwan nan gare ta, kuma ƙafa ce ta fi ba mu aiki. Ta hagu kaɗai ta kumbura, ta yi zafi. Maƙwabta suka ce tausa, wasu suka ce ƙaho (ka san mutanen nan da hijama). Likita ya ce kul, jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle huhu zai nufa.

Ciwon da kansa yana sakin sinadaran da ke sa jini saurin daskarewa, ƙarin yana danne jijiyoyin ƙugu, ga aikin tiyata, ga magani, ga doguwar kwanciya. Tun 1865 wani likitan Faransa, Turuso, ya lura daji da gudan jini tafiyarsu ɗaya. Yanzu kullum sai an yi wa Yaya allurar hefarin, mai tsinka jini, a fatar ciki, kuma mai wannan allura ba ta zuwa wajen wanzami. Bayan babban aikin ciki ma akan yi ta har mako 4 don rigakafi. An yi wa Hajiya?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya gardamar iska ce ko sammu. A yi addu'ar a mota. Maganin narkar da gudan jinin cikin awa 4 da rabi ake bayarwa, ga wanda ya dace da shi. Kada a ba ta asfirin sai an ɗauki hoton kai, ta yiwu jijiya ce ta fashe. Nan 997 muke bugawa mu kira motar asibiti, ku kuwa ku tanadi mai mota tun yanzu.

To ka haɗa wannan da zaman jirgi daga Kano zuwa Jidda, ga zafi, ga ƙishirwa. Likitanta ne zai ce e ko a'a. In ya yarda, ya rubuto takardar magungunanta, ka turo mini hotonta in nuna wa na Yaya.

Ka gaida iyali.

Naka,
abokinka na Makka