Kafin a ɗauko ƙaramin karen teriya daga gidan ceto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan karnukan da ake cetowa daga titi ko daga hannun masu su da suka gaza, musamman ƙananan nan da ake kira teriya. Hotunansu na yawo a intanet. Mutum ya ga ɗan kare mai gashi buzu-buzu ya raɓe a kusurwar keji, zuciyarsa ta karye, ya ce a ba shi. Tausayin abin yabo ne. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ake mayarwa bayan 'yan makonni, domin duk karen da aka mayar, tsoronsa ƙaruwa yake yi, samun wani gidan kuma ya ƙara yi masa wuya.

Ƙanƙantarsa ce ke ruɗin mutane. Sunan teriya daga kalmar Latin mai nufin ƙasa ya samo asali, saboda a Birtaniya an yi kiwonsa ne don ya kutsa rami ya koro yanyawa, ya kuma kashe ɓeraye. Teriya nau'in Jack Russell, wanda ya ci sunan wani limamin coci a Ingila, John Russell, da ya rasu a 1883, nauyinsa bai wuce kilo 6 zuwa 8 ba. Teriya nau'in Yokshaya kuwa da ƙyar yake wuce kilo 3, amma shi ma da kamun ɓera a masaƙun arewacin Ingila aka san kakanninsa. Saboda haka haushi, da haƙa, da bin duk abin da ya gilma a guje, a jininsa suke, horo yana rage su ne kawai. Mai kaji, ko zomaye, ko tantabaru ya yi shirin raba su da shi har abada. Jack Russell lafiyayye yana buƙatar motsa jiki na kamar awa ɗaya kullum, da aikin hanci, misali a watsa masa abincinsa cikin ciyawa ya yi ta shinshina yana tsinta. In bai samu ba, kujera da takalmi za su ji a jikinsu. Kuma yakan yi shekara 13 zuwa 16 a duniya.

Wanda bai tabbata zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, ya fara da riƙon ƙwarya, wato kare ya zauna a hannunsa kafin a samo masa gidan dindindin. Sai dai a rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai biya likita, riƙon na tsawon wane lokaci ne, wa za a kira in ciwo ya tashi da tsakar dare, kuma ina za a kai shi in ya yi cizo. A tambayi dalilin da ya sa ya baro gidansa na farko, a kuma nace sai an ji amsa ta gaskiya.

Cikin kwana biyu ko uku na farko a kai shi wurin likitan dabbobi. In babu katin rigakafi, a ɗauka ba a taɓa yi masa ba. Alluran dole su ne na farbo (cutar amai da zawo), da distemfa (cutar zazzaɓi, tari da majina), da ciwon hanta, da haukan kare. Kwikwiyo ana fara masa daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare kuwa daga mako 12. A haɗa da maganin tsutsar ciki, ƙuma da kaska, a auna shi a sikeli tukuna, domin maganin da aka ƙiyasta da ido yana iya yi wa kare mai kilo 3 yawa. In akwai wani kare a gidan, a ware baƙon kwana 14, kowa da kwanonsa. Farbo yakan ɓuya a jiki kwanaki kafin ya bayyana da amai da zawo mai jini, kuma ƙwayarsa tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Sabulu ba ya kashe ta. Sai bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a kwashe ƙazantar tukuna, a zuba, a bar shi minti 10. Haukan kare kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara. Duk wanda kare marar tarihin rigakafi ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Kwanakin farko su ne lokacin da kare ya fi ɓacewa. Bai san gidan ba, bai san muryar kowa ba, ƙofa na buɗewa sai ya arce. A zagaya shinge a duƙa a duba ƙasansa, domin teriya ta ƙasa yake fita fiye da ta sama. A binne ragar waya kamar santimita 30 a gindin shingen. Wajen fita, a sa masa ɗamarar ƙirji maimakon igiya a wuya, don dalili biyu: kare mai firgita yana ja da baya ya zare kansa daga abin wuya cikin ƙiftawar ido, sannan maƙogwaron ƙananan karnuka, musamman na Yokshaya, yana da saurin lotsewa, sai ka ji yana tari mai ƙara kamar kukan agwagwa. 'Yar na'urar shaida da ake sa wa ƙarƙashin fata, mai girman ƙwayar shinkafa, ba ta nuna inda kare yake. Lamba ce kawai, kuma ba ta da amfani in ba a sabunta sunan mai riƙo a rajista ba.

Kada a canza masa abinci rana ɗaya, zawo zai biyo baya. Kwana biyu a ba shi kashi uku na tsohon da kashi ɗaya na sabon, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu a juya lissafin farko, a rana ta bakwai ya koma sabon zalla. Wanda ya rame har haƙarƙari suka fito, cika masa kwano na iya kashe shi, saboda jikin da ya daɗe da yunwa sinadaran jininsa suna rikicewa in abinci ya zo da yawa kwatsam. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau huɗu zuwa shida a yini, bisa awon likita. Cakulan, inabi da zabibi, albasa, tafarnuwa, da cingam mai zailitol (wani sinadarin zaƙi) duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon jikin mutane ma kada a ba shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gurnani. Kare in ya yi gurnani yana cewa ne a ja da baya. Kafin nan ma ya nuna: ya kau da kai, ya lashi hanci, jikinsa ya sandare, farin idonsa ya fito. In aka doke shi, gurnanin zai bari, tsoron yana nan, sai wata rana ya yi cizo ba gargaɗi. Ƙaramin kare ya fi fuskantar wannan, domin kowa na sungumarsa ba tare da ya so ba. A bar shi ya zo da kansa. A hana yara taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma kada a bar shi da ƙaramin yaro babu babba a wurin. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, a nuna masa abin da ya fi shi daɗi a yi musaya, kada a fizge daga bakinsa.

Fitsari a ɗaki ba taurin kai ba ne. A fitar da shi duk bayan awa biyu, da bayan ci, da tashi daga barci, a ba shi lada nan take a wurin da ya yi. Kada a goge da abin wanki mai amoniya, warinsa irin na fitsari ne, zai mayar da shi wurin. Zaman kaɗaici kuma da minti biyu ake farawa, a ƙara a hankali. Masu aikin ceton karnuka kan ce kwana uku na firgici, mako uku na sabo, wata uku kafin ya saki jiki. Ƙiyasi ne, wani kan fi haka, kuma ainihin halinsa ba ya fitowa a makon farko.

A riƙa lura da abu uku. In yana tafiya ya ɗaga ƙafar baya ya yi tsalle biyu sannan ya sauke, ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa. Warin baki da jan dasashi ciwon haƙori ne, wanda ya yi yawa a ƙananan karnuka. Idon Jack Russell kuwa in ya yi ja ko ya yi hazo farat ɗaya, a garzaya wurin likita a ranar, domin madubin cikin idon kan goce daga mazauninsa, kuma jinkiri na iya jawo makanta.

Roƙona gare ku, ya Edita, duk lokacin da za ku buga sanarwar kare mai neman gida, ku nemi masu ita su haɗa hoton da shekarunsa, da nauyinsa, da alluran da aka yi masa, da yadda yake zama da yara da kyanwa, da kuma ko ya taɓa cizo.

Na gode.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum