Kada A Jira Sai Sokawe Ya Tumbatsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin magidanta kan wani sashe na gida da ba a tunawa da shi sai ranar da ya tayar da hankali, wato ramin da ke karɓar ƙazantar bayan gida, wanda muka saba kira sokawe.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka rami ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne da aka shafe da siminti don kada ya yi yoyo. A cikinsa ne laka ke kwantawa a ƙasa, maiƙo ya taso sama, wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska kuma su riƙa narkar da abin da za su iya. Ruwan da ke tsakiya ne kaɗai ke wucewa zuwa rami na biyu, ainihin sokawen, inda ƙasa ke shanye shi a hankali. Tun da ƙwayoyin nan ba sa cinye komai, dole lakar ta riƙa taruwa, in kuwa ta yi yawa sai ta bi ruwa ta toshe ramin na biyu, daga nan ko an kwashe, bayan 'yan makonni sai ya sake cika.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Shekaru na yi ban leƙa nawa ba, ina ganin tun da shiru lafiya lau ne. Da farko ruwan masai ya soma jinkirin tafiya, yana wani gurnani in an kora, sai ciyawar da ke kan ramin ta yi kore shar fiye da ta ko'ina, ni kuwa ban gane cewa gargaɗi ne ba. Da damina ta kankama, wata asuba muka tashi muka tarar da baƙin ruwa ya dawo ta magudanar banɗaki. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maginin ya rufe saman da kankare ruf, bai bar murfi ba, sai da aka fasa, kuma a ƙarshe sabon rami na haƙa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a kwashe tankin gida duk bayan shekara 3 zuwa 5, amma gida mai yawan jama'a ba zai kai haka ba. Hanya mai sauƙi ta gane lokacin kwasa ita ce a naɗa farin tsumma a doguwar sanda a zura cikin tankin har ƙasa. Idan baƙin lakar ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokaci ya yi. A kuma daina jefa leda da ƙunzugun yara da audugar mata a masai, domin ba sa ruɓewa, haka nan zuba kananzir ko baƙin mai ko asid da sunan maganin wari kashe ƙwayoyin da ke mana aikin yake yi. Rijiya kuwa kada ta gaza mita 15 daga ramin, in da fili a kai 30, saboda ta ƙarƙashin ƙasa kwalara da taifot ke isa ga ruwan sha.

Abin da ya fi damuna shi ne masu shiga ciki da bokiti. Akwai iskar gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ramin, wadda in ta yi ƙarfi takan kashe jin warin kansa, mutum ya zaci babu komai har ya yanke jiki ya faɗi, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Akwai kuma wata mai kama wuta, don haka ba a haska ramin da ashana ko fitilar kananzir. Ina roƙon magidanta su kira motar kwasa maimakon su tura ɗan wani ciki, magina kuma su riƙa barin murfi mai ƙwari da bututun fitar iska tun ranar da ake zuba kankaren.

Na gode.

Naka,
Wani magidanci mai karanta jaridarku